Waiwaye: ɓawon itacen Chile da allurar maleriya

Tun da aka fara yi wa yara allurar rigakafin maleriya a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024 ake ta ka-ce-na-ce a guruf-guruf ɗinmu na Jos, wasu na tambayar me aka zuba a ciki, wasu kuma haushinsu me ya sa komai sai an kawo mana daga waje. Jama'a, wannan magana fa ta daɗe.

Allurar tana ɗauke da wani sinadari da ke zaburar da garkuwar jiki don ta karɓi rigakafin da kyau, kuma daga ɓawon wata bishiya ta ƙasar Chile ake tatso shi, Quillaja sunanta, ɓawon har kumfa yake yi a ruwa kamar sabulu. A 1974 wani masani a Denmak ya tace shi don allurar dabbobi, irin aikin da muka san cibiyar binciken dabbobi ta Vom da shi, a 1991 kuma aka ware sashen da ake kira QS-21 a Amurka. Wannan tarihin a buɗe yake.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wahalar sukarin da ke jikinsa. Ba sukarin shayi ba, ƙananan zobba ne da aka jera, guda 3 masu reshe a gefe ɗaya, guda 4 a jere a ɗaya gefen, kuma kowane zobe sai ya kama ɗan'uwansa ta fuskar da ta dace, in ya juya to aikin ya lalace sai a sake daga farko. David Gin, wani masanin sinadarai, da ɗalibansa a jami'ar Illinois ta Amurka da gutsure suka fara, a 2001 suka haɗa masu reshen nan 3 su kaɗai a ɗakin gwaji, ba bishiya ba ɓawo, sai a 2005 suka kammala sinadarin gaba ɗaya bayan matakai masu yawan gaske. Ni a wurina nan ne lamarin ya juya. Da yake yanzu ana iya ginawa, sai aka fara cire wannan a bar wancan a gwada a jikin ɓeraye, har aka gano ana iya yar da masu reshen nan duka kuma ƙarfin zaburarwar bai tafi ba. Gin ya rasu a 2011, ɗalibansa da abokan aikinsa suka ci gaba.

Amma aiki ne mai cin lokaci da kuɗi wanda ba ya shiga labarai, shi ya sa har yau alluran rigakafin maleriya guda biyu, RTS,S da R21, duka da bishiyar suka dogara, ita kuwa sai ta yi shekaru kafin ɓawonta ya yi amfani. Sai a 2024 masana a Kalifoniya suka sa yis ya haɗa QS-21 ɗin da kansa, ɗan kaɗan dai tukuna, bai kai na kasuwa ba.