Aiki ya kuɓuce a Ingila, shin yaro zai rasa awa 30 na raino?

Wannan tambaya tana yawan tasowa tsakanin ’yan uwanmu da ke zaune a Ingila, musamman masu aikin kula da tsofaffi da na sito da na dilibari, inda yau kana da shifti gobe a ce maka babu. Ga abin da tsarin ya tanada.

Wane tsari ne ma ake magana a kai?

Tallafin da gwamnati ke biyan gidan raino awa 30 a sati, na sati 38 a shekara, ga iyaye masu aiki. Tun Satumbar 2025 ya haɗa har jarirai daga wata tara zuwa shiga makaranta. Sharaɗin shi ne uwa da uba kowa sai ana sa ran zai samu aƙalla kuɗin awa 16 a sati a mafi ƙarancin albashi cikin wata uku masu zuwa, a farashin Afrilun 2025 wajen fam 195 kenan a sati ga wanda ya kai shekara 21, kuma kada ɗayansu ya wuce fam 100,000 a shekara. Duk wata uku kuma sai an shiga akawun ɗin HMRC, wato hukumar haraji ta Birtaniya, an sake tabbatar da cewa har yanzu ana aiki.

Toh an sallame ni jiya, gobe za a ce in zo in ɗauki yarona?

A'a wallahi, ki kwantar da hankalinki, nan ne mutane suka fi tsorata a banza. Lambar nan mai lambobi 11 da HMRC ta ba ki ta shaidar cancanta kika kai gidan raino tana nan da ranta har ranar da za ki sake tabbatarwa, sannan bayan ta mutu ma akwai wa'adin sassauci da ake ba yaro ya ci gaba da zuwa gwamnati na biya. Tsawon wa'adin ya dogara ne da ranar da lambar ta ƙare. In ta ƙare tsakanin 1 ga Janairu da 10 ga Fabrairu, yaro zai kai 31 ga Maris, in kuwa daga 11 ga Fabrairu ne zuwa 26 ga Mayu to har 31 ga Agusta. Daga 27 ga Mayu zuwa 21 ga Oktoba yana kai wa 31 ga Disamba, abin da ya biyo baya kuma sai 31 ga Maris. Kin ga wata za ta samu sati bakwai kacal wata ta samu sama da wata shida, kawai don ranakun sun sha bamban, ni kam ban ga adalci sosai a nan ba amma haka yake. Ki je ofishin gidan rainon ki ce su duba miki ranar a kwamfutarsu, suna ganinta, ki rubuta ta ki manna a jikin firij.

Ba gara in danna "ina aiki" kawai ba, tunda ina nema?

Kada ki yi. HMRC ce ke riƙe da bayanan albashinki, suna ganin ranar da kuɗi ya daina shigowa, kuma ana cin tara a kan bayanin ƙarya. Amma in kin samu wani aikin da za ki fara cikin kwana 31 to kin cancanta, ki tabbatar abinki da gaskiya. Haka wanda ya koma sana'ar kansa, a shekarar farko ba a matsa masa da wancan mafi ƙarancin kuɗin.

Maigida yana aiki, ni kaɗai na rasa, bai isa ba?

Bai isa ba, sai dai in ke kina karɓar irin su Carer's Allowance, wato alawus ɗin mai kula da maras lafiya ko mai naƙasa, ko tallafin rashin lafiya da ke hana aiki.

Zan iya sa ƙanen yaron a raino cikin wa'adin nan?

Wa'adin na yaron da ya riga ya fara ne. Ba a buɗe sabon gurbi a cikinsa.

In wa'adin ya cika ban samu aiki ba fa?

In yaro ya kai shekara 3 ko 4, daga zangon da ya biyo bayan cikarsa 3 yana da awa 15 a sati da babu ruwansu da aikin iyaye ko irin bizarsu, don haka zai sauko ne daga 30 zuwa 15. Mai shekara 2 zai iya samun awa 15 in gidan na karɓar Universal Credit, wato tallafin gwamnati ga masu ƙaramin samu ko marasa aiki, kuma abin da ake samu daga aiki bai wuce fam 15,400 a shekara ba, wannan ta wajen kansul, wato ƙaramar hukumar yankinku, ake nema. Ƙasa da shekara 2 kuwa babu komai, sai aljihu, kuma nan ne abin ke min ciwo, don uwar da ke goye da ɗan wata goma sha huɗu ta ina za ta je intabiyu? Ki kula kuma da yarjejeniyar gidan rainon, da yawa suna son a sanar da su wata guda kafin a rage awanni, in ba haka ba bil ne zai biyo ki.

Mu da bizarmu ta hana karɓar tallafin gwamnati fa?

Wanda zai nemi awa 30 ɗin dole ya zama ɗan ƙasa, ko mai zaman dindindin, ko wanda aka yarda ya ci tallafi, shi ya sa yawancin masu bizar aiki da ta karatu ba su shiga tun farko. Awa 15 na ’yan shekara 3 da 4 kam haƙƙinku ne, kuma na ’yan shekara 2 ma an buɗe wa iyalai irinku masu ƙaramin samu, ku tambayi kansul ɗinku. Duk wannan fa na Ingila ne, a Sikotlan kowane ɗan shekara 3 da 4 yana da awa 1,140 a shekara ko iyaye na aiki ko ba sa yi.