Saurin Hotuna a Tallar Intanet Mai Motsi

Saurin hotuna shi ne yawan hotunan da ke wucewa a kan allo cikin daƙiƙa ɗaya, har ido ya ɗauke su a matsayin abu mai motsi. A manhajojin zane ana taƙaita shi da FPS, a waɗanda aka saita da Faransanci kuma, irin da aka fi gani a Damagaram, da IPS. Duk mai haɗa allon talla mai motsi na shafin intanet sai ya yanke wannan adadi, kuma a kansa ne nauyin tallar da kyawun motsinta suka rataya.

Ma'aunin ya girmi intanet. Tun ƙarshen shekarun 1920, da aka fara haɗa fim da sauti, silima ta tsaya a kan hotuna 24 a daƙiƙa. Talabijin a Turai da yawancin Afirka, har da Nijar, ta ɗauki 25, Amurka kuma kusan 30. Masu zanen katun da hannu sun daɗe da gane cewa zane 12 ma ya isa, a nuna kowanne sau biyu. Shi kuwa allon talla na intanet, ɗaya daga cikin na farko da aka sani ya fito ne a Oktoban 1994 a shafin HotWired, na kamfanin AT&T, kuma ba ya motsi ko kaɗan.

Tsarin da ya fi daɗewa ana talla mai motsi da shi shi ne GIF, wanda kamfanin CompuServe ya fitar a 1987, aka faɗaɗa shi a 1989. Hoto ɗaya na GIF ba ya wuce launi 256, kuma ba ya ƙirga sauri yadda silima take yi. Abin da ake rubutawa shi ne tsawon tsayuwar kowane hoto, ana ƙirga shi da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. In an sa 10, hotuna goma ke nan a daƙiƙa. In an sa 4, hotuna 25. In an sa 25, hotuna huɗu. Saboda haka 24 ko 30 cif ba su samuwa a GIF. Akwai kuma tarkon da sabon hannu ke faɗawa: ya sa 0 ko 1 don tallar ta yi gudu, sai yawancin manhajojin buɗe shafi su mayar da shi 10, tallar ta fito tana jan ƙafa. Alherin tsarin shi ne kowane hoto yana iya samun lokacinsa daban, wani ya gilma, wani ya zauna daƙiƙa uku.

Flash, wata manhajar hotuna masu motsi da ta mamaye tallace-tallace na shekaru, an daina tallafa mata a ƙarshen 2020. HTML5, tsarin da ake rubuta shafukan intanet da shi, ya gaje ta. A nan ba a jera hotuna, umarni ake ba wa na'ura cewa rubutu ya taso daga nan zuwa can, ita kuma ta zana shi daidai da bugun allonta, galibi sau 60 a daƙiƙa. Fayil ɗin ba nauyi, amma aikin ya koma kan salula, kuma ƙaramar salula tana iya yin zafi ko ta riƙa sarƙewa.

Masu karɓar talla suna da nasu sharuɗɗa. Google Ads ya iyakance nauyin tallar hoto a kilobait 150, motsin ya tsaya cikin daƙiƙa 30, GIF kuma ya yi ƙasa da hotuna biyar a daƙiƙa. Lissafin nauyin shi ke bayyana dalili. Tallar daƙiƙa 15 a kan 24 hotuna 360 ce. A raba musu kilobait 150, kowanne bai samu ko rabin kilobait ba. A kan huɗu, hotuna 60 ne, kowanne da biyu da rabi. In hotuna uku kawai aka jera, kowanne yana da 50, launi ya fito tas.

A ɗauki baduku a unguwar Birni ta Damagaram da yake son tallar jakunkunan fata a allo mai faɗin ɗigon allo (pixel) 320 da tsayin 50, girman da aka saba sawa a salula, wanda bai wuce kaurin yatsa ba. Mai kallonsa yana zaune a fada da dare, da Tecno ko Itel a hannu, rezo na zuwa yana komawa, yana kuma tattalin forfe ɗin da ya saya. Idan jakar tana juyawa da hotuna 24, kafin ta gama sauka ya riga ya ture shafin sama, kuɗin talla ya tafi a banza. Idan kuwa hoto uku ne, jakar da ɗinkinta ja da kore, sai farashi jaka biyar, sai lambar waya, to ya gani ya karanta. Lambar waya ta Nijar alƙaluma takwas ce, kuma ita ya kamata a bari ta fi daɗewa, daƙiƙa uku ko huɗu, a kuma tsayar da motsin a kanta. Wannan ne wurin da masu zane da yawa suke kuskure, suna ƙawata shigowar rubutu su manta da lokacin karanta shi.

A aikace, rubutu da farashi ba su buƙatar fiye da hoto ɗaya cikin daƙiƙa biyu ko uku. Ƙaramin motsi, kamar tambari da ke shigowa, yana yin kyau tsakanin 10 da 15 a inda sharaɗi ya bari. Mutum mai tafiya ko ɗinki a kan keke yana son 24 ko 25, kuma gara a yi shi bidiyo maimakon GIF.

Akwai iyaka ɗaya da ta shafi lafiya. Ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa amfani da intanet sun hana walƙiya fiye da sau uku a daƙiƙa, domin tana iya tayar wa mai farfaɗiya da ciwonsa, musamman jan launi mai ƙarfi. Allon da ke ƙyaftawa tsakanin ja da fari don jan ido yana cikin abin da ake nufi, ko da nauyinsa bai kai kilobait goma ba.