San Gimignano, garin hasumiyoyi na Italiya

San Gimignano (ana kiransa San Jiminyano) ƙaramin gari ne a yankin Taskani na tsakiyar ƙasar Italiya, cikin lardin Siyena, yana zaune a kan tudu a kwarin kogin Elsa, tsakanin Filorens da Siyena. Mutanensa ba su kai dubu 8 ba, amma baƙin da ke shigowa kallo duk shekara sun ninka su sau barkatai. Abin da aka fi saninsa da shi dogayen hasumiyoyin dutse ne guda 14 da mutum yake hangowa tun daga nesa. A 1990 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Yadda garin ya yi kuɗi, da yadda ya talauce

Hanya ce ta yi garin. Tsohuwar hanyar Via Francigena da masu ziyarar ibada suke bi daga Ingila da Faransa zuwa Roma ta tsakiyarsa ta ratsa, to duk inda matafiya ke yada zango kuwa ai ciniki ya samu. Ga kuma za'afaran da ake nomawa a gonakin kewaye, wanda 'yan kasuwar garin suka riƙa kaiwa har gabashin Bahar Rum da arewacin Afirka, yana da daraja har ta kai a 1228 hukumar garin ta biya wani ɓangare na bashinta da shi maimakon tsabar kuɗi. Tun 1199 garin ya zama mai cin gashin kansa.

Da kuɗi suka zauna sai gasa ta tashi tsakanin manyan gidaje, kowa na so hasumiyarsa ta fi ta maƙwabcinsa tsawo, ana cewa a lokacin da abin ya kai ƙololuwa sun kai 72. Ba don daɗin zama ake gina su ba fa, ɗakunan ciki ƙanana ne, bango mai kauri, taga 'yar mitsitsiya, amfaninsu dai nuna isa da kuma wurin fakewa in rigima ta ɓarke, kuma rigima ba ta ƙarewa don gidan Ardinghelli na bayan Fafaroma, gidan Salvucci kuma na bayan sarkin daular Jamus, sun daɗe suna gwabzawa. A 1255 aka kafa doka cewa kada wani ya yi ginin da ya wuce hasumiyar Rognosa ta hukuma tsawo, mai kimanin mita 51. Su Salvucci kuwa tagwayen hasumiyoyi suka gina, biyu a jere, suna nan tsaye har yau.

Sai annobar 1348 ta zo ta kashe mutane da yawan gaske, a 1353 garin ya miƙa wuya ga Filorens, hanyar matafiya ma ta karkata wani wajen. Daga nan ba wanda ke da kuɗin rushe tsoho ya gina sabo, shi ya sa garin ya tsaya kusan yadda yake a ƙarni na 14, alhali manyan birane irin su Filorens sun rasa yawancin nasu hasumiyoyin.

Abubuwan gani

Mafi yawan baƙi ta ƙofar San Giovanni suke shiga, su bi titi ɗaya mai hawa har zuwa dandalin Piazza della Cisterna. Dandalin mai kusurwa uku ne, an shimfiɗe shi da jan bulo, a tsakiya ga rijiyar da aka haƙa a ƙarni na 13 aka ƙara mata aiki a 1346. In ka matsa kusa ka duba bakinta za ka ga inda igiyar guga ta ci dutsen ta bar layi-layi masu zurfi, mutane da yawa zama kawai suke yi a kan matakalarta suna shan askirim ba su ma lura ba.

Kusa da nan sai Piazza del Duomo, inda babban coci yake, wato Collegiata, wanda aka keɓe a 1148. Daga waje ba ya da wani ado, bango ne kawai da matakala, amma ciki kam babu inda aka bari. Zanen duk a kan ɗanyen filasta aka yi shi, launin ya bushe tare da bangon, shi ya sa ya jure ɗaruruwan shekaru. Bangon hagu aikin Bartolo di Fredi ne na 1367, labaran Tsohon Alkawari, halittar Adamu, jirgin Nuhu da dabbobinsa, Fir'auna da rundunarsa suna nutsewa a teku, jarrabawar Ayuba. Na dama rayuwar Yesu ce, yanzu masana sun fi danganta shi da Lippo Memmi da mutanensa. Kusa da ƙofa daga ciki kuma akwai Ranar Hisabi ta Taddeo di Bartolo, nan fa mai zanen bai ji tausayin kowa ba, ga maciya amana da masu haɗama da marowata kowa da irin azabarsa, shaiɗanu na ta aiki. An yi waɗannan ne don jama'ar da yawancinsu ba su iya karatu ba, shi ya sa aka jera su gida-gida ana bi daga farko zuwa ƙarshe.

A cikin cocin akwai wani ɗan ɗaki na Santa Fina, wata yarinya 'yar garin da ta rasu a 1253 tana da shekara 15 bayan doguwar jinya da ta yi kwance a kan katako. Domenico Ghirlandaio ne ya zana labarinta a wajajen 1475, shi ne wanda daga baya shahararren mai zane da sassaƙa Michelangelo ya yi koyon aiki a shagonsa. A hoton jana'izarta ana ganin hasumiyoyin garin a baya, kuma fuskokin mutanen da ke tsaye kamar ka taɓa haɗuwa da su a kasuwa. A ganina wannan ɗan ɗakin ya fi hasumiyoyin duka cancantar a tsaya a daɗe.

Gefen cocin fadar hukuma ce, Palazzo Comunale, wadda aka soma a 1288. Babban zaurenta ana kiransa zauren Dante saboda shahararren marubucin waƙoƙin nan Dante ya zo nan a 1300 a matsayin jakadan Filorens, a bangon kuma ga babban zanen Maestà, wato Maryamu a kan karaga riƙe da Yesu yana jariri, na Lippo Memmi na 1317. Wani abin mamaki yana ɗakin shugaban gari a sama, inda Memmo di Filippuccio ya zana al'amuran aure, har da miji da mata suna wanka a baho ɗaya sannan suna shirin kwanciya, abin da ba kasafai ake samu a zanen wancan zamanin ba. Gidan adana zane-zanen fadar yana da aikin Filippino Lippi da Pinturicchio, da wani hoton waliyyin da garin ya ci sunansa, Geminiano bishop na Modena, yana riƙe da garin gaba ɗaya a cinyarsa. Daga nan ne ake hawa Torre Grossa, hasumiyar hukuma da ta fi duka tsawo, mita 54, an gama ta a 1311, matakala 218, na ƙarshen tsani ne sosai, mai ciwon gwiwa gara ya haƙura ya tafi Rocca, ragowar sansanin da 'yan Filorens suka gina, can ma ana ganin gari da gonakin inabi da zaitun kuma ba a biyan ko sisi.

Cocin Sant'Agostino yana can ƙarshen arewa, jama'a ba su cika kaiwa can ba. Benozzo Gozzoli ya zana rayuwar waliyyi Agustin, wanda cocin ya ci sunansa, a fage 17 tsakanin 1464 da 1465, shi Agustin ɗin ɗan Afirka ne, a ƙasar Aljeriya ta yanzu aka haife shi, kuma akwai inda aka nuna shi yana yaro an kai shi makaranta, ga malam yana zane wani ɗan ƙaramin ɗalibi da bulala.

Zuwa da zama

Jirgin ƙasa ba ya shiga garin, a Poggibonsi ake sauka a hau bas, mai mota kuma sai ya ajiye ta a wajen ganuwa. Da rana musamman lokacin zafi cunkoso ne na gaske, manyan bas-bas na sauke 'yan yawon buɗe ido daga Filorens su yi awa biyu su wuce, sai da yamma ko da sassafe ake samun sararin titi. Cocin Collegiata da gidajen tarihi da tikiti ake shiga, kuma ana so a rufe kafaɗa da gwiwa. Garin ya shahara da farar giyar Vernaccia, kuma naman aladen daji yana cikin abinci da yawa, a takardar abinci cinghiale ake rubutawa, don haka Musulmi sai ya tambaya kafin ya yi oda. Za'afaran dai har yanzu ana noma shi, ana sayarwa a 'yan ƙananan kwalabe a shagunan titin San Giovanni da San Matteo.