Ɗaure enzayim a kan tantanin folima

Enzayim furotin ne mai hanzarta sauyin sinadarai. Ɗaure enzayim shi ne maƙala shi a jikin wani abu da ba ya narkewa, ta yadda zai ci gaba da aikinsa ba tare da ya bi ruwa ya tafi ba. Tantanin folima wani siririn mayafi ne mai ƙananan huji, wanda ake yi da folima, wato sinadarai masu dogayen sarƙoƙi, irin su nailan, folisalfon, PVDF, selulos asitet ko kitosan. Yana riƙe enzayim, yana kuma tace ruwan da ke ratsa shi, don haka sarrafawa da rabewa suna faruwa a wuri guda.

Tun a 1916 Nelson da Griffin suka nuna cewa enzayim ɗin inbatas, mai farfasa sukari, yana aiki ko da an liƙa shi a jikin gawayi. A 1962 Clark da Lyons suka tsare enzayim mai ƙona gulukos a bayan tantani suka haɗa shi da elektirod, wanda shi ne tushen na'urorin auna sukarin jini. Amfani na farko a masana'anta ya zo a 1969, a kamfanin Tanabe Seiyaku na Jafan.

Hanyoyin ɗauri

Mafi sauƙi ita ce a jiƙa tantanin a ruwan enzayim ya manne da kansa. Ba ta ɓata surar enzayim sosai, amma riƙon ba shi da ƙarfi: gishiri ya ƙaru ko pH (ma'aunin asid da alkali) ya sauya, sai ya saki. Ana kuma iya kulle shi a cikin hujin tantanin. Hanyar da ta fi ɗorewa ita ce ƙullin sinadari, inda wani sinadari ke ƙulle enzayim da tantanin.

Don yin wannan ƙulli a tantanin nailan, ana fara sa shi a ruwan asid na haidirokilorik na ɗan lokaci don a buɗe rukunan amin, wato wuraren da ƙullin zai kama. Idan ya daɗe, tantanin ya yi rauni ya yage. Bayan an wanke, ana jiƙa shi a gulutaraldehaid, sinadarin da ke haɗa amin na tantani da na enzayim, galibi kashi 2.5 cikin ɗari, a ruwan fosfet mai pH 7. Sai a sake wankewa sosai, domin ragowar sinadarin yana ɗaure enzayim da ɗan'uwansa su dunƙule. Daga nan a zuba ruwan enzayim a bar shi ya kwana a sanyin digiri 4 na Selshiyas. Kuskuren da akan yi shi ne amfani da ruwan Tiris, wani ruwan daidaita pH, a wannan mataki: yana da nasa amin, sai ya cinye gurbin da aka tanada wa enzayim. Ana gane yawan abin da ya kama ta hanyar auna furotin ɗin ruwan kafin da bayan jiƙawa, har da na ruwan wanki.

Tasiri a kan juriya

Zafi yana kashe enzayim ne ta hanyar warware naɗinsa. Idan an ɗaure shi ta wurare da dama a jikin tantani, motsinsa yana raguwa, warwarewar ta yi wuya. Ƙulli ɗaya tak ba ya ba da wannan kariya sosai. Enzayim masu narkar da furotin suna samun ƙarin riba, tunda ɗaurin yana hana su cin junansu.

Sai dai juriyar tana da farashi. Ƙullin da ya faɗa kusa da gurbin aiki, wato inda enzayim ke kama abin da yake sarrafawa, yana toshe shi, ƙulli da yawa kuma yana sandarar da enzayim har ya kasa lanƙwasar da aikinsa ke buƙata. Abin da za a sarrafa yana shan wahalar kutsawa cikin huji, shi ya sa Km na zahiri, wato yawan abin sarrafawa da ake buƙata don enzayim ya kai rabin iyakar gudunsa, yakan hau. Cajin tantanin ma yana da tasiri: mai cajin ragi yana jawo ayon na haidirojin kusa da shi, sai pH mafi dacewa ya karkata zuwa alkali, mai cajin ƙari kuma ya karkatar da shi zuwa asid.

Akwai ruɗi guda da ya kamata a kiyaye. Idan an cika tantani da enzayim fiye da kima, na bakin huji kaɗai ke aiki. Yayin da suke mutuwa na ciki suna karɓa, sai a ga kamar aikin bai ragu ba, alhali ajiya ce ake ci. Saboda haka ana gwada juriya da ɗan enzayim kaɗan, ana kuma auna ruwan da ya fita, don a bambance wanda ya mutu da wanda ya zube. Raguwar gudun ruwa kuwa sau da yawa dauɗa ce ta toshe hujin, ba laifin enzayim ba.