Rashin Jituwar Fayil ɗin Bidiyo da Manhaja

Rashin jituwar fayil ɗin bidiyo da manhaja matsala ce da ke tasowa idan manhajar kallo ko ta tace fim ta kasa karanta bidiyo yadda ya kamata. Wani lokaci fayil ɗin ya ƙi buɗewa sam, wani lokaci a ji murya allo kuwa baƙi ƙirin, ko kuma baki ya riƙa motsi kafin magana ta fito. A Jos, inda Hukumar Fina-finai ta Najeriya da aka kafa a 1979 take da hedikwatarta, masu tace fim da masu ɗaukar bidiyon biki da na wa'azi kusan kullum sai sun ci karo da ita.

Mazubi da kodek

Tushen yawancin matsalar shi ne mutane na kallon haruffan ƙarshen sunan fayil su ɗauka sun san abin da ke ciki. MP4, MOV, AVI da MKV duk mazubai ne kawai, kamar ƙwarya da za a iya zuba fura ko kunu a cikinta. Abin da ke matse hoto da sauti shi ne kodek, kuma shi manhaja take bukatar ta iya warwarewa. Kamfanin Apple ne ya fito da MOV tare da manhajarsa ta kallon bidiyo QuickTime a 1991, Microsoft kuma ya kawo AVI a 1992. A ɓangaren kodek, H.264 ya fito a 2003, kuma har yau babu wanda ya kai shi karɓuwa a waya, talabijin da kwamfuta. Magajinsa H.265, wanda ake kira HEVC, ya zo a 2013. Yana rage girman fayil sosai amma yana wahalar da tsohuwar kwamfuta. Shi ya sa za a ga fayil biyu duk MP4, ɗaya ya buɗe, ɗaya ya ƙi. Canza sunan fayil daga MOV zuwa MP4 ba ya canza komai a cikinsa, ko da yake har yanzu ana yin hakan.

Bidiyon waya

Tun 2017 wayoyin iPhone suka koma ɗaukar bidiyo da HEVC, kuma kwamfutar Windows da ba a saka mata ƙarin manhajar karanta shi ba takan nuna baƙin allo. Ana iya komar da wayar zuwa H.264 daga saitin kyamara, kuma ya fi kyau a yi hakan kafin a fara ɗauka.

Matsalar da ta fi cin rai ita ce ta saurin firam, wato yawan hotunan da ake ɗauka a kowace daƙiƙa. Kyamarar ƙwararru tana ɗaukar adadin hoto iri ɗaya a kowace daƙiƙa, waya kuwa takan rage ko ta ƙara gwargwadon haske da zafinta. A gajeren bidiyo ba a lura. Amma mai tace bidiyon kamu ko walima na awa guda zai ga farkon aikin daidai, can wajen ƙarshe maroƙi ya rufe baki amma kirarinsa na ci gaba. Ga kuma batun cakuɗa firam 25, wanda ya dace da tsarin talabijin na PAL da Najeriya ta bi, da firam 30 na yawancin wayoyi. Haɗa su ba tare da daidaitawa ba yakan sa motsi ya riƙa tsalle.

Hanyar gano matsala da gyara

Mataki na farko bincike ne, ba juya fayil zuwa wani tsari ba. A gwada shi a manhajar kallo ta VLC, wadda ke ɗauke da kodek ɗinta. Idan ya yi a can, to fayil ɗin lafiya lau yake, manhajar farko ce ba ta san kodek ɗin ba. Manhajar MediaInfo kuma tana bayyana kodek da saurin firam dalla-dalla. Daga nan ne za a san ko sauya mazubi kaɗai ya isa, abin da manhajar FFmpeg ke yi cikin daƙiƙoƙi ba tare da taɓa ingancin hoto ba, ko kuwa sai an juya shi gaba ɗaya da manhajar HandBrake zuwa H.264 mai tsayayyen firam. Kowace juyawa irin wannan tana ɗan cin kyawun hoto, don haka daga asalin fayil ake yin ta, ba daga wanda ya bi ta WhatsApp aka riga aka matse shi ba. Masu manyan ayyuka sukan juya zuwa kodek na ProRes ko DNxHD, masu cin wuri amma masu sauƙin tacewa.

Akwai fayil ɗin da ba laifin manhaja ba ne. Idan batiri ya mutu ko aka ɗauke wuta ana tsakiyar ɗauka, MP4 kan rasa bayanin da ake rubutawa a ƙarshe, wanda ke nuna inda kowane hoto yake. Wani lokaci ana ceto shi ta hanyar kwatanta shi da lafiyayyen fayil daga kyamarar da ta ɗauke shi. Haka nan filas ko memori mai tsarin ajiya na FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4, komai yawan wurin da ya rage. Mayar da filas ɗin ko memorin zuwa tsarin exFAT na warware wannan, sai dai wasu tsofaffin talabijin ba sa karanta exFAT, sai a raba bidiyon gida biyu.