Siyasa a Takardar BAK: Amsoshin Tambayoyin Ƴan Tarminal na Maraɗi

Waɗannan tambayoyi ne da ɗaliban ajin tarminal, ajin ƙarshe na lise, suka fi yi idan jarrabawar BAK ta kammala sakandare ta gabato, ko a Lise Ɗan Baskore ko a makarantu masu zaman kansu na cikin gari.

Mushe, ai babu darasin da ake kira siyasa a jadawalinmu. Ina take shigowa?

Ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce tarihi da labarin ƙasa, inda ake karanta duniya bayan 1945: kafa Majalisar Ɗinkin Duniya, yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, taron Bandung na 1955, samun ƴancin ƙasashen Afirka, da kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa a 1963. Ta biyu ita ce filozofi, a babin hukuma da iko da doka da adalci da ƴanci. Ƴan seri A, ɓangaren adabi, sun fi jin nauyinta, amma ƴan C da D na kimiyya ma ba su tsira ba.

Waɗanne ranakun tarihin Nijar ne ba a yafe wa ɗalibi ya rikita?

Wanda aka fi faɗawa shi ne haɗa 18 ga Disamba 1958 da 3 ga Agusta 1960. Ta farko ranar kafa Jamhuriya ce, ƙasar tana cikin ƙawancen Faransa har lokacin. Ta biyu ita ce ƴancin kai, da Diori Hamani a kan mulki. Kafin su akwai ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, inda Djibo Bakary da jam'iyyarsa ta Sawaba suka yi kiran a ce a'a ga zama cikin ƙawancen Faransa, aka rinjaye su. Daga nan sai juyin mulkin Seyni Kountché a 15 ga Afrilu 1974, taron ƙasa na 1991, zaɓen Mahamane Ousmane a 1993, juyin mulkin 1996 da 1999 da 2010, sai na 26 ga Yuli 2023.

Jera su kaɗai ba ya kawo maki. Mai gyara yana neman dalili: fari da yunwar farkon shekarun 1970 na cikin abin da ya raunana gwamnatin Diori, rikicin shugaban ƙasa Mahamane Ousmane da firaminista Hama Amadou kuma shi ya share fagen juyin mulkin 1996.

Idan aka ce: "Shin jama'a za su iya zama ba tare da hukuma ba?" ta ina zan fara?

Ba da amsa za ka fara ba. Ɗauki buruyo, wato takardar gwaji, ka fayyace kalmomin tukuna. A nan mafi yawa ke zamewa, domin a bakinmu "gwamnati" ta haɗe komai, alhali takardar ta raba abu uku. Eta ita ce hukuma mai ɗorewa, da iyakokinta da dokokinta da kotunanta. Gwamnati mutanen da ke riƙe da ita ne a wani lokaci. Nasiyo kuwa al'umma ce da ke jin kanta ɗaya. Nijar ta sauya gwamnati sau da yawa tun 1960, hukumar tana nan. Wanda ya cika shafi huɗu yana sukar ministoci ya fita daga sije, wato tambayar da aka bayar, kuma fita daga sije na jawo maki ƙasa da 10 bisa 20 ko da Faransancinsa kamar ruwa ne.

Bayan haka sai ka nemo cin karon da ke cikin tambayar: hukuma na kare mutum, kuma ita ce ke tauye shi. Wannan ce matsalar da gabatarwa za ta ƙare da ita. Kashi na farko ka tsaya tare da Hobbes, wanda ya ce in babu mai iko kowa abokin gaban kowa ne. Na biyu ka kawo masu ganin hukuma makamin danniya ce, kamar Marx da Bakounine. Na uku shi ne mai wuya, kuma shi ke raba mai maki 11 da mai 15: ba cewa za ka yi "kowa da gaskiyarsa" ba. Sauya tambayar za ka yi, wace irin hukuma? Nan Rousseau ke shigowa da dokar da jama'a suka ɗora wa kansu, da Montesquieu da rabon iko uku, na yin doka, na zartarwa, na shari'a.

Kowane sakin layi ra'ayi guda, hujja guda, misali guda. Sunan masani ba hujja ba ne, sai ka faɗi abin da ya ce da dalilinsa. In ba ka tuna zancensa daidai ba, faɗi ma'anarsa da kalmominka, kada ka sa alamar zance a kan abin da ka ƙirƙira, domin mai gyara ya karanta asalin.

Ana karɓar misali daga Maraɗi, ko sai na Turai?

Ana karɓa, kuma yakan fi armashi. Max Weber ya ce mutane na bin mai iko don gado da al'ada, ko don kwarjininsa, ko don doka. Sarautar Katsinar Maraɗi misalin na farko ce, gwamnan jiha da aka naɗa da takardar doka misalin na uku. Layi biyu sun isa. Abin gudu shi ne mai da takardar fadar shayi: yabo ko zagin ɗan siyasa mai rai, ko tallar jam'iyya.

Yaya zan raba lokaci?

In awa huɗu ce: minti 15 zaɓen sije, kuma da ka zaɓa kada ka sauya, awa guda buruyo, inda za ka rubuta gabatarwa da kammalawa cikakku, sauran kuwa kanun zance kawai, awa biyu da rabi rubutu, minti 15 na ƙarshe duba kurakurai. Masu rubuta komai a buruyo su ne ƙararrawa ke riska suna tsakiyar kwafa.

Ni da Hausa nake fahimta, amma da Faransanci ake rubutawa. Mafita?

Ku zauna ku uku ko huɗu, ɗaya ya bayyana ra'ayin Hobbes da Hausa har sauran su gamsu, sannan kowa ya rubuta shi cikin layi biyar na Faransanci, ku yi musayar kaye ku gyara wa juna. Ku samo sijen shekarun baya wajen malamanku, ku riƙa yin guda ɗaya kowane mako da agogo a gabanku.