Idan Kanka Ya Fara Sara a Kan Tsauni, Kada Ka Ƙara Hawa

Ba na hana kowa zuwa hutu. Bari in fara da wannan kafin a ce mu ma'aikatan lafiya ba mu da aiki sai rage wa mutane jin daɗi. Wanda ya kwashe watanni cikin hayaniya da hayaƙi da wayar da ba ta daina ƙara, idan ya samu kwana biyu ko uku ya ce zai hau tsauni ya sha iska, ni ce ta farko da zan yi masa fatan sauka lafiya. Na san abin da ke jan mutane can. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi, sanyi na Allah ba na na'ura ba. Ka tashi da asuba ka ga gajimare a ƙasanka, ba ƙarar mota, ba mai ƙwanƙwasa maka ƙofa. Mutum kan dawo fuskarsa ta washe, barcinsa ya daidaita. Wannan duk na yarda da shi.

Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne waɗanda suke dawo mana ba a haka ba, kuma labarinsu kusan iri ɗaya ne har na haddace shi.

Wani saurayi, mai ƙarfi sosai, kullum da safe sai ya yi gudu. Ya tafi Kilimanjaro a Tanzaniya, tsaunin da ya kai mita 5,895. Hutunsa gajere ne, sai ya zaɓi tsarin hawa na kwana 5, alhali akwai na kwana 7 da na 8. Dare na biyu kansa ya fara sara. Ya haɗiyi farasitamol biyu ya ja bargo, bai gaya wa jagoransu ba. Washegari ya ci gaba da hawa. Dare na uku amai ya zo, ya ƙara magani, da safe ya sake saɓa jaka. A ƙarshe ɗauko shi aka yi aka sauko da shi, bai san inda kansa yake ba. Da ya zo wurinmu bayan ya dawo na ce masa, ƙanena, me ya hana ka magana? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Sista, kunya na ji. Akwai wata dattijuwa a tawagarmu, ita lafiyarta ƙalau. Ni kuma in ce na gaza?"

Sai wasu ma'aurata da suka je Maroko. Daga birnin Marakesh, wanda bai kai mita 500 ba, mota ta kai su ƙauyen Imlil, daga nan suka taka zuwa masaukin masu hawa tsaunin Tubkal da ke wajen mita 3,200, duk a yini guda. Matar ta kwana riƙe da kai tana yunƙurin amai. Da asuba maigidan ya miƙa mata ƙwaya biyu ya ce ta daure, ai sun riga sun biya, kuma ƙololuwar ba nisa. Ƙololuwar nan mita 4,167 ce. Ta bi shi don kada ta ɓata masa tafiya. Ba su kai ba, a hanya ta zube. Allah ya sa akwai masu taimako kusa.

Kun ga abin da ya haɗa su? Kai ya yi ciwo, aka danne shi da magani, aka ƙara hawa. Wannan ɗabi'ar ce take ƙona mini rai.

Ba sai na cika ku da bayani ba. Iskar sama ba ta da kauri kamar ta ƙasa. A mita 3,000 kowane numfashi na kawo maka kusan kashi 70 cikin 100 na oksijin ɗin da ka saba samu a bakin teku, a wajen mita 5,500 kuwa rabi ne. Jiki yana iya sabawa, amma da kwanaki yake sabawa, ba da awoyi ba. Yawanci daga mita 2,500 abin ke farawa, kuma ba ya nuna kansa nan take. Ka isa da rana kana dariya kana ɗaukar hoto, bayan awa 6 zuwa 12 sai kai ya ɗauka, ga jiri, ga tashin zuciya, ga kasala, abinci ya fita daga ranka, barci ya ƙi zuwa. Shi muke kira ciwon tsauni. Ciwon kan nan jiki ne ke gaya maka cewa bai gama sabawa da inda kake ba. To don Allah, wanda bai saba da nan ba, ta yaya za ka kai shi gaba?

Ban ce kada a sha farasitamol ba. A sha. Amma a sha a zauna a wurin, a huta, a sha ruwa. Maganin yana rage zafin ne kawai, bai ƙara maka oksijin ko ɗigo ba. Idan ka wayi gari garau, ba don ƙarfin ƙwaya ba, sai ka ci gaba a hankali. Idan an kwana an yini ba sauƙi, ko abin ya ƙaru, ƙasa za ka nufa. Sau da yawa saukar mita 300 zuwa 1,000 kawai ta isa mutum ya ji kamar an sauke masa kaya daga ka.

Na ji uzuri kala-kala. Gajiyar hanya ce. Ban sha ruwa sosai ba ne. Sanyi ne ya buge ni. Wani ma cewa ya yi zazzaɓin cizon sauro ne ya motsa, ya kama shan maganinsa ba gwaji ba komai, yana ci gaba da hawa. Haba jama'a! Duk ciwon kan da ya same ka sama da mita 2,500, ka ɗauke shi ciwon tsauni ne har sai ma'aikacin lafiya ya tabbatar maka wani abu ne daban. Idan kuma da zazzaɓi mai zafi a tare, wannan ma dalilin sauka ne a je a gwada jini, ba dalilin ƙara nisa da asibiti ba.

Ku kuma masu taƙama da ƙarfi, da ku nake. Tsauni bai san kana ɗaga ƙarfe ba. Ƙarfin jiki ba ya kare mutum daga wannan ciwon, sau da yawa ma shi ke jefa samari cikinsa, domin ƙafarsu na iya kai su inda huhunsu bai shirya ba. Dattijuwar da ke takawa sannu tana hutawa ta fi ka dabara. Kuma don ka taɓa hawa lafiya bara, ba shi ne tabbacin bana ba.

Abin da nake tsoro, abin da ya sa nake ta nanatawa kamar mai faɗa da yara, shi ne inda taurin kan ke kaiwa. Ƙwaƙwalwa na iya kumbura. Alamarta mutum ya fara tangaɗi kamar ya sha wani abu, ya riƙa sambatu, ko ya yi ta gyangyaɗi ana tashinsa da ƙyar. Ku ja layi a ƙasa ku ce ya bi, diddige na taɓa yatsun ɗayar ƙafar. Idan ya kasa, magana ta ƙare. Ko kuma ruwa ya taru a huhu: mutum na zaune bai yi aikin komai ba amma yana haki, ga tari, daga baya kaki mai kumfa, wani lokaci da jirwayen jini, leɓe ya canza launi. Waɗannan biyun suna kisa, kuma cikin awoyi. Ba a jiran gari ya waye. Ba a cewa bari ya ɗan kwanta mu gani. A sauko da shi a lokacin, ko da tsakar dare ne, a ba shi oksijin in akwai, kuma kada a kuskura a bar shi ya sauka shi kaɗai. Mutumin da ƙwaƙwalwarsa ta fara kumbura zai rantse maka lafiyarsa lau. Kada ka saurare shi.

Ni dai a ganina, hutun kwana biyu da ƙololuwar tsauni ba sa haɗuwa. Wanda ya je hutawa, me ya kai shi tsere? Iska mai sanyi da shirun da kake nema duk suna nan a mita 1,500 ko 2,000. Can za ka yi barci mai daɗi, ka yi yawo cikin itatuwa, ka dawo da ƙarfinka. Matsalar zamanin nan ita ce hawa ya yi sauƙi fiye da kima. Jirgi zai sauke ka a Kusko ta ƙasar Peru, wajen mita 3,400, ko La Paz ta Bolibiya, wajen mita 3,600, kai da ka karya kumallo a bakin teku. A Shamoni ta Faransa motar da ke bin igiyar ƙarfe tana ɗaukar mutum daga mita 1,035 zuwa wajen 3,800 cikin kusan minti 20. Mai hawa irin wannan ya kalli duniya ya sauko ya kwana a ƙasa, galibi jiri da haki ne iyakarsa. Inda ka kwana shi ne abin lissafi, ba inda ka leƙa da rana ba.

Akwai waɗanda nake roƙo musamman. Masu sikila, kada ku shirya irin wannan tafiya ba tare da likitanku ba, ƙarancin oksijin na tayar da ciwon. Masu AS ma, da kuke ganin ba ruwanku, an sha samun wanda saifarsa ta samu matsala a kan tsauni. Ciwo mai tsanani a hagun ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, ba ƙabar gudu ba ce, a sauka a nemi asibiti. Haka masu ciwon zuciya ko na huhu, da mata masu juna biyu. Yara ƙanana kuwa ba su iya cewa kaina na ciwo ba. Za ki ga dai yaro ya ƙi nono ko abinci, ya daina wasa, yana ta rigima ba dalili. Uwa, kada ki ce ƙiwa ce.

Wasu suna zuwa su ce in rubuta musu Diamox, wai abokinsu ya ce in ka sha shi ke nan. Maganin yana taimaka wa jiki ya saba da wuri, gaskiya ne, ana fara shi kwana guda kafin hawa, yana sa yawan fitsari da jin tsiki-tsiki a yatsu. Likita ne zai duba ko ya dace da kai. Amma ba lasisin ganganci ba ne. Ko kana shansa, kai ya yi ciwo, ka tsaya.

Sauran a gurguje:

- Idan da hali, kada ka tashi daga ƙasa ka kwana sama da mita 2,500 a rana ɗaya. Yada zango a tsakiya.
- Daga mita 3,000, kada wurin kwananka ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare guda, kuma duk bayan kwana 3 ko 4 a huta yini ɗaya.
- Kwana biyun farko ban da giya, ban da maganin barci, ban da aikin ƙarfi.
- Ruwa a kai a kai, rigar sanyi ko da ka baro ƙasa ana zufa, da abin kare ido da fata daga rana, don ta can ta fi ƙuna.
- Kada a kunna gawayi ko murhu a rufaffen ɗaki ko tanti saboda sanyi. Idan kowa a ɗakin ya tashi da ciwon kai lokaci guda, ku fito waje tukuna.

Maigida, idan matarka ta ce kanta na ciwo, tafiyar ta tsaya a nan, kuɗin da aka biya ya bi ruwa. Abokai, wanda ya yi shiru a cikinku ya daina cin abinci, ku tambaye shi, kada ku yi masa dariya. Jagora kuma in ya zagayo da dare yana tambayar yaya jiki, ku gaya masa har adadin ƙwayoyin da kuka sha.